Farin garin da ke cin kan batirin mota: sanadinsa da yadda ake wanke shi

Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a Tchibarakaten, a arewacin jihar Agadez kusa da iyakar Aljeriya, motoci ba sa yankewa tsakanin wurin da garin Arlit, ɗauke da ruwa da mai da abinci. A irin wannan hanya ta ɗaruruwan kilomita cikin hamada, motar da ta ƙi tashi tana iya jawo asarar rai. Sau da yawa kuma batirin lafiyarsa ƙalau, kansa ne kawai ya ci.

Ruwan da ke cikin batir asid ne. Zafi yana sa shi tururi, girgizar hanya kuma tana tsaga bakin roba inda kan batirin ya fito. Idan asid ɗin ya taɓa darma sai ya bar farin gari, idan ya taɓa tagullar waya sai garin ya yi shuɗi-shuɗi. Wannan gari ne ke tare wuta.

Kafin a taɓa komai, a kashe mota, a kashe taba, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta. Wayar da ke da alamar (–) ake fara kwancewa, sannan ta (+). Wajen mayarwa kuwa (+) ce farko. Ana dama cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa, a zuba a kan garin har kumfa ta tsaya, a goge da buroshin ƙarfe, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Inda babu bikarbonat, jiƙaƙƙiyar kanwa tana yin aikin. Sai dai kada ɗigo ɗaya ya shiga cikin batirin, zai kashe ƙarfin asid ɗin.

Bayan an ɗaure wayoyin tam, sai a shafa basilin ko giris kaɗan daga sama. Ɗabi'ar nan ta buga kan batir da dutse, ko cusa ƙusa don waya ta kama, ita ce ke ƙara tsagar.

Idan garin ya dawo cikin 'yan makonni, a sa makaniki ya auna caji. Batir mai volt 12 da ya cika yana nuna kusan 12,6 idan mota a kashe take, 14 zuwa 14,5 idan inji na aiki. Abin da ya kai 15 yana dafa batirin ne, kuma gyaransa a Arlit ya fi sauƙi kafin a kama hanya.