Tsofaffin Ramukan Zinariya Da Turawa Suka Bari

Mu a nan Jere da sauran kudancin Kaduna, da an ce haƙar ma'adinai, kuza muke fara tunawa, domin a wajen haƙarta ne aka tono gunkin yumɓu na farko a ƙauyen Nok cikin 1928. To amma jiharmu tana da wani tarihin, na zinariya, can yamma a ƙasar Birnin Gwari.

Mai karatu, zinariya hawa biyu ce. Akwai ta rafi, wadda ake wanke yashi a tasa a same ta. Akwai kuma wadda ke cikin farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira ƙanƙara, wanda ke ratsa ƙasa kamar jijiya. Ita wannan sai an bi jijiyar da rami, a fasa dutsen, a niƙa shi ya koma gari, sannan a wanke.

Turawa sun fara haƙar zinariya a Arewa wajen 1913. Aikin ya bunƙasa bayan 1930, musamman da Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya zuwa dala 35 a 1934. Mafi yawan abin da suka samu daga rafuka ne, amma sun bi jijiyoyin dutse a wurare irin su Tsohon Birnin Gwari, da Maru da Anka a Zamfara ta yau. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, sai hankali ya koma kan kuza, har aka riƙa kai mutane aikin tilas Jos daga 1942. Ramukan zinariya kuwa aka watsar da su.

Abin da ya rage shi ne ramuka masu zurfi da ruwa ya cika, da dogayen kwaruruka, da tulin farfasassun duwatsu. A rumfar mahaifina na sha jin matasa suna cewa inda Bature ya haƙa, can arziki yake. Da wannan tunani mutane suka koma irin waɗannan wurare da diga da shebur.

Ga inda matsalar take: wani dutsen yana ɗauke da dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, saboda a cikin gidaje ake niƙa dutsen, ƙurar tana sauka inda yara ke wasa. A 2015 ma yara 28 suka rasu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Shawarata, hukuma ta ƙidaya ramukan nan, ta killace masu haɗari, a kuma rubuta tarihinsu tun dattawan da suka ji labari daga iyayensu suna raye. Mai zuwa haƙa kuma, don Allah kada ya kawo dutse gida.

Allah ya kiyaye mu, amin.