Yadakunya: Yadda Kuturta Ta Buɗe wa Mishan Ƙofar Masarautu

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba. Jami'an da suka gaje shi sun riƙe alkawarin kam, domin zaman lafiyar mulkinsu ya rataya a kansa. Kusan shekara talatin aka yi ana hana 'yan mishan sakewa a masarautun Musulmi, har da Haɗejiya, wadda ta faɗa hannun Turawa a 1906 kuma aka sa ta ƙarƙashin Lardin Kano. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma a 1893, ta daɗe tana leƙen Ƙasar Hausa daga nesa.

Abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne kuturta. En'e ta kafa matsugunan kutare, amma ba ta da isassun likitoci da ma'aikatan da za su zauna a cikinsu. A 1937 aka damƙa wa SIM kula da na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Sarakuna sun yarda, bisa sharuɗɗan da suka taƙaita wa'azi. Majinyacin da ya fito daga Baturiya ko wani ƙauye na fadamar Haɗejiya, asibitin lardinsa ke nan, kuma layin dogo na Kano zuwa Nguru, da ya ratsa Malam Madori, ya rage masa nisa.

Me ya sa kuturta, ba wata cuta ba? A Linjilar Markus akwai labarin kuturun da ya roƙi Yesu waraka, tausayi ya kama shi, ya miƙa hannu ya taɓa mutumin. A wurin Kirista, taɓawar tana da nauyi daidai da warakar, saboda shari'ar wancan zamani ta keɓe kuturu daga jama'a. Don haka mai wanke gyambo yana ganin ibada yake yi, ba aikin asibiti kawai ba. Aikin kuwa ba mai daɗi ba ne. Maganin da ake da shi man wata itaciya ce ta Indiya da ake allura da shi, mai zafi, wanda amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka samu ƙwayar dafson, wadda gwajin da aka yi a Uzuakoli ya taimaka wajen tabbatar da ita. Kafin nan, akasarin abin da ake iya ba majinyaci shi ne wanki da ɗauri da abinci da gona.

Sai dai labaran da mishan ke aikawa gida sun yi ƙarin gishiri. Bahaushe bai yar da kuturu ba: akwai sadaka, akwai sarkin kutare, akwai matsayi sananne a gari, ko da na bara ne. Kuma tausayin bai zo shi kaɗai ba, domin SIM ba ta taɓa ɓoye cewa tana fatan samun mabiya. Inda abin ya fi tsauri shi ne batun jarirai, waɗanda ake raba su da iyaye don gudun kamuwa, su tashi a hannun mishan. Hujjar lafiya gaskiya ce. Sakamakon addinin ma gaskiya ne. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta nuna cewa daga irin waɗannan matsugunai wani ɓangare na Kiristocin farko na masarautu ya fito, alhali mafi yawan majinyata sun koma gida da Musuluncinsu.

Waɗanda tarihi ya fi mantawa su ne 'yan ƙasa masu allura da ɗaurin miki, da yawansu tsofaffin majinyata, waɗanda suka koyi karatu a wurin suka zama ma'aikatan ƙananan ɗakunan magani a karkara. Cocin ECWA, da aka kafa a 1954, ya gaji da dama daga cikinsu. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin, kuma Yadakunya na nan har yau a gefen Kano, tana karɓar masu kuturta.