Ranar Da Almajiri Ya Ka Da Malaminsa

Ku 'yan makaranta, kun dai san ƙwallon gora, watau wasan nan da a ke yi mutum goma sha ɗaya ɗaya, kowa da sandarsa mai lanƙwasasshen kai. To, yau muna so mu ba ku labarin wata gasa da aka yi a birnin Landan cikin 1948, don akwai abin lura a cikinta.

Turawan Ingila su suka tsara dokokin wasan nan, sojansu kuwa suka kai shi ƙasar Indiya zamanin da su ke mulkinta. A babban taron wasannin duniya da a ke kira Olamfik, wanda a kan yi shekara huɗu huɗu, su ne suka zo na ɗaya a 1908 da 1920. Duk wannan lokaci Indiyawa suna gida suna koyo a barikoki da makarantu.

Sai a 1928 suka fara fita, a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Wasa biyar suka yi, suka jefa ƙwallo 29, ba a jefa musu ko ɗaya ba. Goma sha huɗu daga ciki wani soja ne ya jefa, sunansa Dhyan Chand, wanda aka ce da dare ya kan fita ya yi ta gwaji da farin wata bayan ya tashi daga aiki. A 1932 suka ci Amurka 24 da 1 a ƙasarta. A 1936 suka ci Jamus 8 da 1 a tsakiyar Berlin.

Amma fa abu biyu sun rage musu daɗin nasara. Na fari, tutar da a ke ɗaga musu ta mulkin Ingila ce. Na biyu, tun da suka fara zuwa Ingila ba ta sake aiko da 'yan wasanta ba. Masu tarihi da yawa sun ce gudun kunya ne, kada talakawanta su ka da ita a bainar jama'a.

Yaƙin duniya ya hana taron 1940 da na 1944. Kafin a sake haɗuwa, Indiya ta sami mulkin kai ran 15 ga Agusta 1947, aka raba ta biyu, aka fid da Pakistan, aka zubar da jini mai yawa. Gwanaye da dama suka koma Pakistan, har da Ali Dara, wanda ya yi wa Indiya wasa a Berlin, ya zama shugaban 'yan wasan sabuwar ƙasar. Dhyan Chand kuma shekaru sun ja. Saboda haka sababbin samari Indiya ta aika, Kishan Lal na shugabansu.

Da ya ke a Landan a ke taron, mai gida ba shi da wurin ɓuya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ingila ta fid da Pakistan, Indiya ta fid da Holan, suka gamu a filin Wembley ran 12 ga Agusta 1948. An yi ruwa, fili ya yi nauyi, har waɗansu Indiyawa suka tuɓe takalma suka yi wasa ƙafa huntu. Wani ɗan sanda daga Punjab, Balbir Singh, ya jefa biyu, 'yan'uwansa suka ƙara biyu, aka tashi 4 da babu. Saura kwana uku ƙasarsu ta cika shekara da 'yanci, sai ga tutarta mai launi uku an ɗaga ta a babban birnin waɗanda suka mulke ta.

Indiya ta sake ci a 1952 da 1956, sa'an nan a 1960, a birnin Rum, Pakistan ta ci ta 1 da babu. Kun ga, ita ma ta gamu da nata.

To, samari, hikima ba ta da ƙabila. Wanda ya koya da naci ya kan wuce wanda ya koya masa, wanda ya hau kuma in ya yi sake, na bayansa na nan tafe.