Taipei zuwa Shanghai: kilomita 680 da suka taɓa cin wuni guda

Tsakanin filin jirgin Taoyuan da ke kusa da Taipei da filin Pudong na Shanghai, idan aka ja layi a miƙe, bai wuce kilomita 680 ba. Jirgin fasinja na zamani kan ci wannan nisan cikin awa ɗaya da rabi. Amma shekaru da dama matafiyi kan ɓatar da kusan wuni guda a kan wannan hanyar, kuma ba laifin injin ba ne.

Abin ya faro ne a 1949, lokacin da Chiang Kai-shek ya sha kaye a yaƙin basasar ƙasar Sin ya koma tsibirin Taiwan da gwamnatinsa. Daga nan aka yanke jirgi, aka yanke wasiƙa, aka yanke ciniki kai tsaye. Sai a 1987 Taiwan ta bar mutane su je ganin dangi, yawancinsu tsofaffin sojoji da suka rabu da iyayensu kusan shekara 40. To, ta ina za su bi? Ta Hong Kong. Kilomita kusan 800 zuwa can, a sauka, a jira, sannan a ƙara wasu fiye da 1,200 zuwa Shanghai. Wato nisan ya ninka sau uku, ban da zaman jira.

A bikin sabuwar shekarar Sinawa ta 2003 aka fara barin jiragen shata, na ’yan kasuwar Taiwan kaɗai, kuma dole jirgin ya sauka a Hong Kong ko Macau. A 2005 aka ɗauke sharaɗin sauka, amma fa sai jirgin ya ratsa sararin samaniyar Hong Kong tukuna. Ka ga abin mamaki: jirgi zai nufi arewa, amma sai ya fara yin kudu maso yamma don kawai kada a ce ya tsallaka kai tsaye. Ga man da ake ƙonawa a banza.

Bayan Ma Ying-jeou ya hau mulki a Mayun 2008 abubuwa suka yi sauri. A Yuli aka fara jiragen ƙarshen mako, ran 15 ga Disamba kuma aka buɗe hanyar arewa. Tafiyar da ke cin kusan awa biyu da rabi ta dawo ƙasa da awa ɗaya da rabi. A 2010 aka haɗa filayen cikin gari, Songshan da Hongqiao.

Ko yanzu ma layin bai miƙe sarai ba. Jiragen ba sa ratsa tsakiyar mashigin tekun Taiwan saboda dalilan tsaro, sai su zagaya ta arewa ko ta kudu. Shi ya sa birnin Xiamen, wanda ya fi Shanghai kusa da Taipei nesa ba kusa ba, zuwansa ta sama kan ci lokaci kusan ɗaya da na Shanghai.