Bindigar Toka: Matsayinta a Doka da Ka'idojin Riƙe Ta

Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce makamin galibin mafarautan karkara a Nijeriya. Dokar Makamai ta 1959 ta bai wa kwamishinan 'yan sandan jiha ikon hana mallakarta sai da lasisi.

Babban haɗarinta shi ne ido ba ya gane ko a ɗure take, kuma ɗuri a kan ɗuri na iya fasa bututun a hannun mai harbi. Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, ba a leƙa bakinta, domin albarushi mai laima yakan jinkirta kamawa. Haka nan ba a harbin motsin ciyawa ko ƙyallin ido da dare, sai an tabbatar dabba ce, ba abokin farauta ba.