TARIHIN ZANEN BANGO A GIDAN BAHAUSHE: ME ZA MU ZANA WA 'YA'YANMU?



A yanzu iyaye da yawa a Legas, Ibadan, Fatakwal da sauran garuruwan Kudu suna kiran mai fenti ya ƙawata ɗakin yara da launuka. Mafi yawan abin da ake zanawa 'yan tsanar talabijin ne na Turawa, har wasu na zaton ado a bango baƙon abu ne gare mu. Alhali kuwa Bahaushe ya daɗe yana yi wa bango ado, kuma sana'ar tana da masu ita, har da sarautar Sarkin Magina.

Asalin abin daga ginin ƙasa ne. Magina suna aza tubali su yi yaɓe, tun yaɓen yana ɗanye sai su sa hannu su fitar da zane mai tudu a jikinsa. Domin kada ruwan sama ya zaizaye aikin, sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Launi kuwa daga ƙasa yake fitowa: farar ƙasa da jar ƙasa, sai shuni daga wajen marina. A saman ginin a ɗora zankwaye, waɗanda ko daga nesa aka hango su an san gidan Bahaushe ne.

A Kano, Gidan Makama da aka kafa tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) yana nan, ya zama gidan tarihi. A Zariya kuwa sunan da ba a mantawa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846). Bakan gizon da ya ɗaure da azara da zanen da ke jikin ginshiƙan su ne suka sa masana gini daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Wanda ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos zai ga kwaikwayon wannan masallaci. Haka unguwar Birni a Damagaram take cike da gidaje masu irin wannan ado.

Da farko zanen ya fi yawa a cikin soro da zauren sarakuna da attajirai. A ƙarni na 20, da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun 'yan kasuwa, sai ado ya fito fuskar gida, a kewayen ƙofar zaure, domin kowa ya ga arzikin mai gida. Da siminti ya zo, magina suka koma karce zane a jikinsa kafin ya bushe, fentin kanti kuma ya kawo kore da ɗorawa da shuɗi mai haske. A lokacin ne aka fara ganin keke, mota, agogo da jirgin sama a bango, kusa da takobi da dagi. Galibi an kauce wa surar mutum da dabba saboda addini. Shi dagin nan ne ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna, har yau kuma yana jikin rigunanmu.

To ina ɗakin yara a cikin wannan tarihi? A gidan gargajiya yaro ba shi da ɗakin kansa. Yana kwana a ɗakin mahaifiyarsa ko kakarsa, idan namiji ya tasa ya koma shago ko zaure. Adon da idonsa ya fara gani shi ne jeren uwarsa: ƙore masu zane, daga baya tasoshi da kwanuka masu fure da aka jera har kusa da rufi. Idan ya fita ƙofar gida kuma ya tarar da aikin magina. Ba sai an zaunar da shi an koya masa ba, da su ya buɗe ido.

Yaron da aka haifa a Agege ko Sabo ta Ibadan bai samu wannan ba. Ruwan Kudu ba ya barin soron ƙasa, don haka iyayenmu da suka zo nan suka yi gini da bulo da kwano, da yawanmu kuma haya muke zaune. Jere ya koma cikin kabad. Ko a Arewa ana ta rushe tsofaffin gidaje, magina masu wannan aiki suna ƙarewa.

Saboda haka duk wanda ya yi niyyar yi wa ɗakin 'ya'yansa fenti, ya nuna wa mai fentin hoton ƙofar wani gida na Zariya ko Kano. Dagi ɗaya da layin zankwaye a saman bango ba za su fi 'yar tsana tsada ba, kuma ranar da yaro ya tambayi mene ne wannan, an samu hanyar ba shi labarin gida. Mai haya ya nemi iznin mai gida tukuna, ko ya sa a zana a katako a rataye, in ya tashi ya tafi da abinsa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya yi musu albarka.