Daga Gubar Nama Zuwa Allurar Da Ke Miƙe Wuya

Akwai ciwon da ke murɗe wuyan mutum ya karkata kansa gefe guda ba da sonsa ba. Likitoci na kiransa distoniyar wuya. An daɗe ana zaluntar masu fama da shi, ana cewa damuwa ce kawai ko raunin zuciya, sai a shekarun 1970 likita David Marsden na Ingila ya tsaya kai da fata cewa saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ne ya rikice.

Maganin kuwa daga guba ya fito. Wajen 1820 likita Justinus Kerner na Jamus ya yi nazarin mutanen da suka shanye bayan cin ruɓaɓɓen nama, har ya yi hasashen cewa 'yar kaɗan daga wannan guba za ta iya kwantar da tsokar da ta ƙi hutawa. Alan Scott, likitan ido a San Francisco, shi ya tabbatar da hakan a kan masu harara-garke a ƙarshen shekarun 1970. A 1986 Joseph Tsui da abokan aikinsa a Vancouver suka nuna cewa wannan guba, wato botulinum, na sassauta wuya ma, Amurka kuma ta amince da Botox, allurar da aka yi da gubar, don wannan ciwo a 2000.

Samun magani bai kashe magana ba, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake. Tsokokin wuya suna da yawa, wasu kwance a kan wasu. Da farko likita na lalube ne da yatsa, ya soki wadda ya ji ta ɗaure. Idan ya kuskure, maganin ya tafi a banza, ko ya malala ya hana mara lafiya haɗiya. Daga baya aka haɗa allurar da na'urar da ke jiyo lantarkin tsoka, kuma binciken Cynthia Comella na 1992 ya nuna an fi samun sauƙi ta haka. Sai Gerhard Reichel na Jamus ya ja hankali cewa sau da yawa masu laifin ƙananan tsokoki ne can ƙarƙashin ƙeya, kamar wadda ke haɗa ƙashin wuya na farko da na biyu, dab da jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Yatsa ba ya kai wa nan, lalube kuma ganganci ne.

Yau na'urar da ake duba mai juna biyu da ita ake ɗora wa wuya, likita na kallon bakin allura har ta shiga tsokar da ake nema. Ba warkewa ba ce: bayan kamar wata uku sai an sake.